Kogin da Ke Cikin Darasi

Nuriya, ƴar Halidu mai kwale-kwale a bakin kogin Gaya, yarinya ce mai shegen tambaya. Kuma uban ne ya ɓata ta. In ta ce, "Baba, me ya sa ruwa ya yi ja?" ba zai ba ta amsa ba, sai dai ya ce, "Ke me kika gani?" Haka za su yi ta yi har su kai fasinja ƙetare su dawo.

Shekarar da za ta yi jarrabawar shiga kolej, aka ba su darasin kogi su haddace: yana cika da damina, yana janyewa in ruwan sama ya ɗauke. Ranar gwaji ita kuwa ta rubuta abin da idonta ya gani, wato a Gaya kogi na sake cika da sanyi, ba ko ɗigon ruwan sama. Aka maka mata ziro.

Halidu ya tafi lekol, wato makarantarsu, ransa a ɓace. Malaminta Alassan, wanda yara ke ce wa Mushe, ya saurare shi har ya gama.

"Malam Halidu, ni ma a bakin kogin nan aka haife ni, na san gaskiya ta faɗa. Amma mai gyara takardun jarrabawa layin da aka haddace yake nema. In ta faɗi bana, shekarunta sun wuce, lekol ya ƙare ke nan."

Tsoro ya kama Halidu, don shi bai taɓa zama a kan bencin lekol ba, kuma ba ya so ta ƙare a bakin ruwa kamar shi. Yana isa gida ya kira ta.

"Daga yau abin da Mushe ya ce shi za ki rubuta. Abin da kika gani, ki bar shi a cikinki."

"Ko da ba haka ba ne, Baba?"

"Ko da ba haka ba ne."

Ta ji maganar uba. Ta yi ta haddar kamar rediyo, ta ci jarrabawa, uwarta ta rangaɗa guɗa.

Da sanyi ya shigo, wata Lahadi ta shiga kwale-kwalen. Kogi ya cika maƙil, har ya shanye matakalar da mata ke wanki a kai. Halidu ya yi ta jiran tambaya, shiru. Abin ya ci masa rai, ya kasa haƙuri.

"Nuriya, kin ga ruwan nan? Daga ina kike jin yake zuwa?"

Ko kallon kogin ba ta yi ba. Fuskarsa ta tsura wa ido, ta ce a hankali, "Wace amsa kake so, Baba?"

Halidu ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da tuƙi.