Ba a Sa Na Gida a Takarda

"Na ƙoshi," in ji Baba Kafinta, ya kau da kai daga cokalin. "Ya dawo?"

Mama Tela ta dire kwanon da ƙarfi. Sau uku ke nan yau yana tambayarta ɗansa. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninta da tsohon nan, yanzu ga shi ya koma fata da ƙashi, idanunsa sun daina ganin rubutu. Tun da likita ya sallamo shi gida, abu ɗaya yake roƙo: ɗansa ya zauna ya karanta masa Maganar Allah. Ta ce ita za ta karanta, ya ce a'a, muryar yaron yake so.

Yaron kuwa, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ne shugaban masu ziyarar marasa lafiya a coci. Abin da ke ƙona mata rai ke nan. Kullum yana tashi daga aiki sai ya hau babur da takardar sunaye a aljihu, gida shida, minti goma-goma. Ubansa kuwa sai leƙe da safe: "Baba, ya jiki? Muna ta addu'a." Kafin tsoho ya haɗa amsa, babur ya kai bakin titi.

Ta figi mayafi ta nufi coci. A farfajiya ta sami masu ziyarar, suna rabon takardu.

"Ba ni taka," ta ce wa ɗan.

"Mama, lafiya?"

Ta bi sunayen da yatsa har ƙasa. "Ina na ubanka?"

"Ai Baba na gida ne, Mama. Ba a sa na gida a takarda."

"Na gida ba ya mutuwa ke nan?"

"In na gama zagaye zan…"

Ta zare biro daga aljihun rigarsa, ta dafa takardar a kan kujerar babur, ta rubuta Baba Kafinta a saman kowa, har biron ya huda takardar. "Ga shi ya shiga layi, tunda sai a rubuce kake ganin mutum."

Kowa ya sunkuyar da kai. Wani dattijo ya karɓi takardar a hankali, ya ce su za su je sauran gidajen.

Da suka shiga ɗakin tsohon, ɗan ya tsaya a ƙarshen gado da makullin babur a hannu, ya fara jero addu'ar da yake yi a kowane gida. Ko haɗiyar yawu ba ya tsayawa yi.

"Zauna," in ji tsohon.

"Baba, bari in…"

Mama Tela ta fizge makullin, ta tura masa kujera da ƙafa. Ya zauna, ya buɗe littafin Maganar Allah inda aka sa zare, ya shiga karatu kamar mai karanta sanarwa.

"Sannu-sannu," tsohon ya ce. "Ba korarka ake yi ba. Allah ma na nan, bai tafi ko'ina ba."

Ɗan ya koma farko. Wannan karon yana ajiye kowace kalma kafin ya ɗauki wata, muryarsa ta sauko. Baba Kafinta ya lalubo gwiwarsa ya ɗora hannu.

Mama Tela na tsaye a bakin ƙofa, haushinta bai sauka ba. Mako uku tsohon nan yana roƙon wannan zama. A tsakiyar shafi na biyu ta ga zanen da ke kan ƙirjinsa ya daina motsi. Maganganu suka cika mata baki, masu zafi, ta haɗiye su duka.

Ɗan bai lura ba. Ya kai ƙarshen shafi, ya juya shi da hannu ɗaya don kada ya motsa gwiwar, ya ci gaba da karatu.