Gaisuwa ta Cinye Layi

A Gummi akwai wani manomi, Lirwanu, mutum mai ladabin da ya wuce amfani. Wansa Ubaidullah tela ne a Jidda. Mahaifinsu ya bar musu fadama, kuma ya ce kada wanda ya taɓa rabon ɗan'uwansa sai ya ji izini daga bakinsa. A shekarar 2016 irin shinkafar Lirwanu ya yi yawa, yana son ya dasa a rabon wan nasa. Iri kuwa ya fara tsufa, kwana uku suka rage ya wuce dashe.

Ya tafi shagon Mu'azu, mai haɗa wa mutane kira ta intanet da eriyar da ya ɗaure a kan dogon bututu. Ƙanwarsu Atine ta bi shi don ta zama shaida.

Mu'azu ya yi masa bayani tun kafin ya danna lamba. Ya ce muryar mutum yankawa ake yi gutsi-gutsi a tura, kowane gutsure da hanyarsa, wani ya makara, wani ya ɓace. Ya ce yau ranar kasuwa ce, kowa na kan layi, kuma injin da ke ba dogon ƙarfen sabis wuta yana tari. Minti biyu kira ke yi ya yanke. Ya roƙe shi ya tafi kai tsaye ga magana.

Lirwanu ya ce shi ba arne ba ne da zai shiga magana ba gaisuwa.

Aka samu Ubaidullah. Lirwanu ya tambayi kwana, gajiya, iyali, zafin Jidda, da ciwon bayan da ake fama da shi tun bara. Murya na makara da daƙiƙa uku, saboda haka kowa ya yi shiru yana jiran ɗan'uwansa, sai kuma su fara tare, sai kowa ya ba wa ɗayan haƙuri. Ubaidullah na cikin tambayar lafiyar Inna layi ya mutu.

Aka sake kira. Lirwanu ya koma kan kwana. Mu'azu ya tuna masa cewa ɗazu ya tambayi kwanan nan. Lirwanu ya ce wancan kira daban ne.

Sau biyar ana haka. Ni dai na sha faɗa, gaisuwar da ta hana mutum faɗin abin da ya kawo shi ba ladabi ba ce, tsoro ne da rawani. Lirwanu tsoron a ce masa a'a yake yi.

Hadari ya haɗo daga gabas. Mu'azu ya leƙa ya ce in ruwan nan ya sauka, sai jibi.

A kira na shida Atine ta fizge wayar.

"Yaya, Atine ce. Lirwanu na son dasa shinkafa a fadamarka. E ko a'a?"

Daƙiƙa uku suka wuce.

"Ke ba ki iya gaisuwa ba? Ya dasa mana, mi zan yi da ita a nan? Ina Inna ta..."

Layi ya tafi.

Washegari aka yi dashe. Lirwanu ya yi sati bai yi wa Atine magana ba, yana gaya wa mutane ta zubar musu da mutuncin gida har Jidda. Shinkafar ta yi kyau, kuma bai rage cin tuwonta ba.