Mai Igiya da Marar Igiya

Ni na fara ganin hannun gem, abin da ake riƙewa a buga wasan ƙwallo a talabijin, a layin nan, tun iyayen yaran nan suna yawo ba wando. Ina dako a lokacin, a kaina aka sauke kwalin farko. Ban yi boko ba, amma injin niƙa ya cinye mini yatsu biyu ban mutu ba, ragowar kuwa sun san abu mai daɗin riƙo.

Iri biyu gare ni. Tsofaffin baƙaƙe ne masu igiya, suna cika tafi kamar ƙotar fartanya. Sabon da ɗana ya aiko fari ne marar igiya, ba nauyi, ga santsi kamar sabulu.

Da ya bugo waya ya ce, “Baba, ka huta, ko daga kan gado sai ka buga.”

Na ce, “Kai dai ka huta da zuwa.”

Ya yi dariya, wai aiki ne ya yi yawa.

Abin da bai gane ba, igiyar tsofaffin gajera ce. Dole abokin wasanka ya matso, gwiwa tana gogar gwiwa. Haka muke zama da marigayi Tela, yana zagina ina zura masa ƙwallo. Tun rasuwarsa ba wanda ya ci ni, kodayake 'yan wasansa a tsaye kawai suke a talabijin, don ba mai riƙe da hannun gem ɗinsa.

Wanda yake ganin cika baki nake yi, ya zo ya zauna. Idan ya ci ni, sai ya dawo gobe in rama.