Jirgin da Ya Ƙi Nutsewa

Kaumi kafinta na ɗaure buhun yashi a gindin jirginsa, sai ga Bulama Ari, mai unguwar, ya iso bakin kududdufin yana haki, ya tattare babbar rigarsa kada taɓo ya ɓata ta.

"Kaumi, na hana ka a gida, na hana ka a masallaci. Yau a gaban jama'a nake hana ka."

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji Kaumi, bai ko ɗago ba. "Amma ruwan nan ba a unguwarka aka haife shi ba."

"To, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho." Bulama ya juya ga taron, ya ɗaga murya. "Duk wanda ya riƙe masa igiyar nan, in aka samu gawa, shi zai yi wa 'yan sanda bayani."

Waɗanda suka matso suka ja da baya. Kaumi ya ja igiyar da kansa, ya ɗaure ta a jikin wata darbejiya.

Jirgin dai, in za a kira shi jirgi, dogon akwati ne na katakon filawud mai ƙusumbi a tsakiya, an shafe shi da kwalta ciki da waje. A gaba an manna masa gilashin tsohuwar babbar mota roka, a sama akwai murfi, ga doguwar tiyo ta shan iska wadda bakinta zai tsaya a tudu. Duk Potiskum an san Kaumi da haɗa bodin manyan motocin da ke kwasar shanu zuwa kudu. Shekarar da man fetur ya yi wuya motoci suka kwanta, aiki ya tsaya, shi kuwa ya rufe rumfarsa ya kama wannan. A talabijin ya taɓa ganin irinsa, sau ɗaya, ya ce ai shi ma hannu ne ya yi shi. Garin da ko kogin kirki babu, a ce mutum na ƙera jirgin ƙarƙashin ruwa! Masu shayi sun samu abin hira har sun gaji.

Dariyar ba ta kai zuci ba, don kowa ya san dalili. Kududdufin nan kamfanin hanya ne ya haƙa shi ya tafi, gefensa ɗaya a yanke kamar bango, ko da rani ba ya ƙafewa. A daminar bara Almustapha, ɗan farin Kaumi, ya zo wanke motar ubangidansa, santsi ya kwashe shi. An nema da gora, an nema da ƙugiya, an kawo masunta daga nesa, ko hularsa ba a gani ba. Aka ce mutanen ruwa ne suka riƙe shi, aka yi addu'a aka watse. Kaumi bai watse ba. Shi dai yana son ya kai ɗansa makwanci kamar ɗan kowa, ko da ƙashi ɗaya ne.

Matarsa Hanatu kuwa ba ta ce komai ba, kuma ba wanda ya yi mamaki. Ɗan fari ne. Tun ranar suna ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan", ko "wancan". Ranar da abin ya faru ma mata na kuka, ita tana zuba musu ruwan sha, har ana yaba karar da ta yi. Sai da safiyar yau ta yi magana, tana ɗaure kayanta.

"Malam, na ba ruwan nan ɗaya. In ka shiga, kada ka dawo ka neme ni a ɗakin nan, ina Danchuwa wajen 'yan uwana."

Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, amma ya sa aka ɗora jirgi a amalanke ya fito.

Yanzu ya tura shi ta gefe mai zurfi, ya yi bisimilla, ya shiga ya ja murfi. Wata tsohuwa ta fara salati.

Jirgi ya yi lilo, ya daidaita, ya zauna daram a kan ruwa kamar ƙwarya.

Aka jira. Ko alamar yin ƙasa babu. Can murfi ya buɗe, kan Kaumi ya fito yana zufa, sai wuri ya kece da dariya, har da Bulama.

"Malam Kaumi, ai bodin shanu ka yi!" wani ɗan lodi ya ƙwala masa. "Wannan ko bijimi goma aka ɗora masa sai ya kai su Legas!"

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ciwo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yin abin da zai ɗauki kaya bai durƙusa ba, hannunsa bai iya yin abin da zai nutse ba.

Kaumi ya fito, ya cika buhu, ya ɗaura. Ya sake cikawa, ya sake ɗaurawa, shi kaɗai, rana na dukansa. Jirgi ya dinga yin ƙasa da kaɗan kaɗan har ruwa ya shanye gilashin, saura ƙusumbin kawai. Nan buhuna suka ƙare. Ya shiga, ya tsaya a bakin murfi yana dube-dube, ba wanda ya miƙo masa ko tsakuwa.

Sai ya ga taron yana darewa. Hanatu ce, hanyar tasha ta biyo da ita ta nan, ƙullin kaya a hannu, a kanta kuma dutsen niƙan da ta gada wajen uwarta, wanda ba ta barinsa ko'ina. Ta tsaya ta dubi mijinta, ta dubi masu dariya ɗaya bayan ɗaya har suka yi shiru.

"Hanatu, gara da kika zo," in ji Bulama. "Ki yi masa magana, ruwa ba sa'an kwando ba ne."

"Baba, ai kun yi masa magana ta isa."

Ta ajiye ƙullin, ta durƙusa a bakin gaɓa, ta sauke dutsen a bayan jirgin. Ruwa ya hau har leɓen murfi. Kaumi ya ɗaure dutsen.

Ta tashi ta kwance igiyar daga darbejiya, ta naɗe ta a hannunta.

"In 'yan sanda sun zo, a nuna musu ni," ta ce. Sannan ta dubi Kaumi. "In na ja, ka saki buhunan nan ka fito. Ba shawara nake ba ka ba."

Ya gyaɗa kai, ya ja murfi ya kulle.

Hayaniyar duniya ta ɗauke. Filawud ya fara ƙara, ruwa na ɗiga a kafaɗarsa ta wani wuri da kwalta ba ta kama ba. Ya manna fuskarsa a gilashi. Ja-ja ne kawai, ruwan laka, ko tafin hannunsa ba zai gani a ciki ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Sai murya ta gangaro ta cikin tiyo, siririya, a shaƙe.

"Malam, kana ji na?"

"Ina ji."

Yana jin numfashinta.

"Ka ga Almustapha?"

Kaumi ya runtse ido. Ashe haka sunan yake a bakinta. Ya share fuskarsa da hannun riga, ya kai baki ga tiyo.

"Tukuna," ya ce. "Ƙara sakin igiya."