Kada a Buɗe Ƙofar Injin

"Malama, hannunki. Kallo na ce, ban ce ki taɓa ba."

Na janye hannuna daga ƙofar gilashin. Na ƙarar da ƙuruciyata ina faɗa wa 'yan makaranta wannan maganar a ɗakin gwaje-gwaje, yau ga shi an mayar mini da ita daga bakin wadda numfashi ma da ƙyar take ja.

Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Duk layin Uwar Kaji ake ce mata, alhali ko kaza ɗaya ba ta da ita. Ƙwai ake kawo mata, ta ƙyanƙyashe a inji, masu shi su zo su kwashi 'yan tsakinsu. Ita kaɗai take sana'ar. A makon nan aka sallamo ta daga asibiti, likita ya ce zuciyar ta gaji, a kai ta gida ta huta. Ni da ita duk mun gane abin da yake nufi.

Tana zaune a kujerar roba, matashi a bayanta, ƙafafunta sun kumbura sun cika silifas. Injin na gabanmu, tsayinsa kamar firiji, fankarsa na gurnani a hankali. Muna kallo farantan ƙwan suka karkata da kansu, daga hagu zuwa dama.

"Juyi, ba ruwanki," ta ce. "Ruwa ma ba ruwanki. Ga jarka can sama, ƙwallon da ke cikin kwanon irin na tankin bayan gida ne, ruwa na raguwa zai buɗe. In an ɗauke wuta, batir ya karɓa. Masu ƙwai kuma waya za ta gaya musu ranar zuwa, na riga na tsara saƙon."

Na san yadda aka zo nan. Na san lokacin da take juya ƙwai ɗaya bayan ɗaya da hannu, tana yi musu alama da fensir, waya na ihu a aljihu, tukunya na ƙonewa a kicin. Wata rana ta zauna a dokin ƙofata ta fashe da kuka, ta ce ta manta faranti guda bai juyu ba. Daga ranar, duk aikin da ta ga tana maimaitawa sai ta tambayi kanta wa zai yi shi in ta kwanta ciwo. Da kaɗan-kaɗan ta sallama wa injin da wayar komai. Matan layi suka ce lalaci ne, wai abin da ba a yi wa gumi ba ba ya albarka. Ni dai na ga gumi iri-iri a rayuwata, mafi yawansa wankin riga kawai ya jawo.

"To ni mene ne aikina?" na ce.

"Zama. Kin ga farantin ƙasa? Na matar nan mai wanki ne. Ciwo ya shiga kajinta ya share su kaf, waɗannan ne suka saka kafin su mutu. In ba su fito ba, irin ya ƙare. Na ce mata za su fito." Ta tsaya ta nemi numfashi. "In lokaci ya yi, farantan za su daina juyawa da kansu. Daga nan ba a buɗe ƙofa. Ana buɗewa danshin zai fita, fatar cikin ƙwan ta bushe ta naɗe ɗan tsakon, ya mutu a ciki. Komai na koya wa injin nan, Malama, amma ya kasa cewa mutum a'a. Ke kuwa duk layin nan an san ki."

"Yabo ne ko zagi?"

"Ɗauki wanda ya yi miki."

Ranar da ta rasu, da hantsi na kai mata shayi. Tana kwance, ta sa an bar ƙofar ɗakin injin a buɗe don ta riƙa jin fankar.

"Sun daina juyawa?"

Na leƙa. Farantan sun miƙe sambal. "Sun daina."

"Madalla. Ɗauki kujerar."

Ba ta sha shayin ba. Kafin rana ta take, ni na rufe mata ido.

Washegari gidan ya cika da masu ta'aziyya, kuma tun safe aka ɗauke wuta. Na fita alwala ke nan na ji injin na ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, irin kukan da yake yi in an yanke masa wuta. Ban san gwiwoyina na da sauran gudu ba. Na tarar da matar yayan marigayiya tsugune, ta zare wayar injin daga soket ɗin batir ta cusa cajarta, wasu mata biyu na bayanta riƙe da nasu.

"Cire."

"Haba Malama, ɗan kaɗan zan sa, baƙi na ta kira ba su gane gidan ba."

"Cire, ko in cire miki da sandar nan."

Ta cire tana gunaguni. Na mayar da wayar injin, fankar ta tashi, na ja kujerar roba na kafa ta a gaban soket ɗin na zauna.

Ban daɗe da zama ba tsakar gida ta ɗauki salati. Wayoyin mata uku sun yi ƙara a tare, kuma sunan marigayiya ne a kai. Yayanta ya shigo riƙe da wayar wata, idanunsa jajur. Dattijo ne mai son a yi komai yadda aka saba.

"Malama, wannan wane irin abu ne? Jiya muka binne ta, yau tana aika saƙo? A kashe injin nan da wayar duka. Gidan makoki ne."

"Na sani. Ina wurin."

"Mutane na magana."

"Mutane sun yi magana lokacin da take kuka da fensir a hannu? Saƙon nan da ranta ta rubuta shi. Akwai masu rai a cikin akwatin nan, kuma ta yi alkawari a kansu."

Mai wanki na raɓe a bakin ƙofa, tana murza gefen mayafinta. "Malama, a bari kawai," ta ce a hankali. "Ƙwai ne. Kada a yi rigima saboda ni."

"Ke yi shiru, ba ke kika bar mini aikin ba." Na juya ga yayan. "In za ka kashe, bismillah. Amma sai ka ɗaga ni da kujerar, kuma ina da nauyi. Ka ma karanta saƙon?"

Bai karanta ba. Ya nisanta wayar daga idonsa, ya karanta a fili: "'Yan tsakinku sun kusa fitowa. Ku zo da kwali mai ramuka. Duk wadda ta zo mini da leda, da ledarta za ta koma."

Wata a tsakar gida ta yi dariya, ta toshe baki. Yayan ya tsaya yana kallon wayar.

"Bakin nan nata," ya ce. "Tun tana ƙarama." Ya share fuska da hannun riga. "To masu caji fa?"

Na miƙa masa makullin gidana. "Akwai sola. Su je su cika har ta maƙwabta."

Na kwana biyu ina gadi a kan kujerar, ina korar masu son leƙawa ciki da masu son ƙara ruwa don taimako. Da safiyar da ta biyo baya, yayan ya shigo da kofin shayi ya ajiye mini, sai ya tsaya cak. A farantin ƙasa, wani ƙwai ya tsage, ɗan baki na dukan ɓawon daga ciki. Ya buga, ya huta, ya sake bugawa.

"Wahala yake sha," yayan ya ce. "Bari in ɗan ɓare masa." Hannunsa ya nufi ƙofar.

Na ɗora masa sandata a kan yatsu. "Kallo, Yaya."

Ya janye hannun, ya jawo benci ya zauna kusa da ni. Shayin ya huce ba wanda ya taɓa shi. Can ɓawon ya rabe biyu, ɗan tsakon ya faɗo jiƙe sharkaf, ya kwanta ya jingina kai da gilashin, iskar fanka na ɗaga gashin wuyansa. A bakin ƙofa mai wanki ta zauna a ƙasa da kwali a cinyarta, tana huda masa ramuka da ƙusa.