Jan Fenti a Ƙarƙashin Yaɓe

Ɗakin da Baba ya gina mini bai fi taku shida ba a tsawo. A lungun da ke tsakanin gidanmu da gidan Iya Hure ya yi shi, bayan kaka, don in riƙa suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba tare da kowa ya gan ni ba. Duk Gafasa an san Zulfa 'yar Bala ba ta iya haɗa ido da mutane. In baƙi suka shigo ina aiki, rikicewa nake yi har in ƙone. Shi ya sa Baba ya toshe lungun gaba da baya, ya yi rufi, ya fasa mini ƙofa ta cikin gidanmu.

Lungun nan hanyar ruwa ce. Kowa ya sani, ni ma na sani. In aka yi ruwan sama, duk ruwan unguwar tudu ta nan yake bi ya gangara kududdufi. Baba ya bar masa rariya a gindin bango, wadda ko kaza sai ta sunkuya za ta wuce, ya ce ai ta isa.

Da bazara ta shigo, ranar da Baba ya tafi Gaya sayen taki, Inna kuma ta tafi suna ƙauyen Balan, sai na ji sallama a ƙofar gida. Malam Abdulmumin ne, abokin Baba tun ƙuruciya. Shi aka sa a kwamitin da ke duba hanyoyin ruwa kafin damina. Sai da ya yi sallama sau uku na amsa daga bayan ƙofa.

"Zulfa ce? Ina Bala?"

"Ya tafi Gaya."

"To miƙo hannu ki karɓi saƙo, ba cizo nake yi ba."

Na miƙa hannu, ya sa mini takarda.

"Ki ce masa doka ce, ba ni na yi ta ba. Duk ginin da ya tare hanyar ruwa sai an cire shi kafin ruwan farko. Na sa jan fenti a bangon baya. Nan da sati biyu masu rusau za su zaga, inda suka ga ja nan za su tsaya. Gara ya cire da hannunsa, ya tsira da azararsa da ƙofa. Kin ji?"

Na ce na ji.

A aji huɗu na bar makaranta, amma ina iya haɗa baƙi in na natsu. Na zauna a cikin ɗakin na karanta takardar da yatsa, layi-layi. Abin da ya faɗa shi ne a rubuce. Na dubi murhuna, na dubi kaskon suya da tulun mai a kusurwa. Tunda nake ban taɓa samun wurin da ba a kallona ba sai nan. Na ninke takardar na sa a cikin kwano, na kife wani a kai.

Na yi niyyar faɗa wa Baba da yamma. Ya dawo a gajiye, ya leƙo ɗakin ya ɗauki ƙuli guda yana tauna, ya ce, "Uwar ɗakina, yau me aka samu?" Sai na ce babu komai. Na ce a raina gobe zan faɗa.

Da gari ya waye sai na zaga baya na ga alamar. Babba ce, ja wur, kamar an yanka wani abu a jikin bangon. A gidanmu ni ke yin yaɓe kafin damina, don bayan Baba yana ciwo kuma ba mu da namiji babba. Ina da ƙasa da na riga na kwaɓa, da makubar da na jiƙa, wato ɓawon ɗorawar da ke hana ruwa cin bango. Na fara yaɓe daga ƙasa kamar kullum. Da na zo kan jan fentin ban tsaya ba. Na shafe shi, na ƙara wani a kai, na goge da tafin hannu har ya yi sumul.

Iya Hure ta leƙo ta kan katangarta. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, idonta kuma ba ya gani sosai.

"Wace ce nan da sassafe? Au, kurmar gidan Bala ce. Ke dai bakinki a hannunki yake. In kin gama ki zo ki taɓa mini rumbuna."

Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Ban je ba.

Masu rusau suka zo ranar da aka faɗa. Malam Abdulmumin ba ya cikinsu, an tura shi wasu ƙauyuka sa alama. Ina cikin ɗaki na ji muryoyinsu sun zo, sun wuce. Sun cire rumfar wani mai shayi da katangar awakin wani gida, ba su ko tsaya a wurinmu ba. Ranar na kasa cin tuwo, Inna ta ce ko zazzaɓi ne.

Ruwa biyu na farko ƙanana ne, rariyar ta shanye su. Har na fara cewa ashe Baba ya yi gaskiya. Na ukun ya zo bayan azahar, da iska. Kafin la'asar ruwan unguwar tudu ya taho da kara da leda, ya toshe rariyar, ya taru a bayan ɗakina kamar tafki. Yaɓena bai ko motsa ba. Da ruwan ya rasa hanya sai ya jingina da katangar Iya Hure. Ina tsaye a zaure na ji faɗuwarta, sannan na ji wata ƙara mai nauyi. Rumbun ne.

Da aka ɗauke ruwan muka shiga gidanta. Tana tsaye, ruwa har gwiwa, tana lalubar zangarniyar gero a cikin taɓo tana zubawa a zanenta. Geron nan shi ne abincinta har kaka. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi. Na kama mata kwasa, amma ban yarda na tsaya inda za ta ga fuskata ba.

Washegari da hantsi maza suka taru a bayan ɗakina, tare da mai unguwa. Ina ciki, bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin komai. Ɗan Iya Hure, Maikuɗi, wanda ke tuƙa adaidaita a Gaya, ya zo tun asuba, shi ke ta ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, an rushe wa mai shayi rumfa, an rushe wa talaka katanga. Wannan fa? Don na abokin Malam Abdulmumin ne shi ya sa fentin ya ƙare a nan?"

"Wallahi na sa alama," in ji Malam Abdulmumin. "A nan, daidai nan. Yana rubuce a littafina."

"Littafi ai a aljihunka yake kwana. Mu bango muke gani. Ko fentin naka ƙafa gare shi?"

Wasu suka yi dariya. Baba ya ce shi dai bai ga takarda ba, bai ga fenti ba, in an so ya dafa Alƙur'ani ya dafa.

Mai unguwa ya ce, "Malam, ka ce ka bayar da takarda. Wa ka ba?"

Na ji Malam ya yi gyaran murya.

"A gidan na bayar, ranka ya daɗe."

"Wa ka ba a gidan?"

Malam ya san ni. Ya san in ya kira sunana a gaban mazan nan, fito da ni za a yi. Mutumin da ke jan mu salla in liman ba ya nan, ya tsaya ana ce masa maƙaryaci, ya ƙi faɗa.

"To," in ji mai unguwa, "ba alama, ba shaida. Zan rubuta wa ƙaramar hukuma a cire ka daga kwamitin, kuma asarar tsohuwar nan tana wuyanka."

Ban san lokacin da na buɗe kwanon ba. Na ɗauki takardar, na ɗauki fartanya, na yafa mayafi. Daga ƙofar gidanmu zuwa bayan ɗakin babu nisa, amma sai da na ga kamar ba zan kai ba. Mazan suka buɗa mini hanya suna kallona. Ban yi sallama ba, bakina ya ƙi. Na je daidai inda na sani na fara kankare yaɓen. Makubar ta kama sosai, sai da na sa ƙarfi. Ɓawo ya faɗi, wani ya faɗi, ja ya fito.

Na miƙa wa Baba takardar da hannu biyu, na durƙusa.

"Ni ya ba. Ni na shafe."

Baba ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa. Sannan ya karɓi fartanyar daga hannuna, ya juya ga Malam Abdulmumin ya ce, "Ka yafe mini." Bai dube ni ba. Kafin azahar shi da kansa ya zare azarar, da bayan nan nasa mai ciwo, ya ƙi bari kowa ya taimaka masa. An hukunta cewa shi zai tayar da katangar da rumbun, kuma daga namu geron Iya za ta ci.

Kwana huɗu na yi ina shanya zangarniya a tsakar gidanta. Fiye da rabi ya yi tsiro, wani ya yi baƙi. Ina juyawa tana zaune a tabarma tana jin ƙarar, sai a rana ta huɗu ta kira ni.

"Zulfa."

Ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Na'am, Iya."

"Ranar da na ce ki zo ki taɓa mini rumbu, abin da kike rufewa ke nan?"

Na ce e.

Ta ɗauki zangarniya guda ta shinshina, ta jefa wa kaji.

"In an gama ginin, ke za ki yaɓe shi. Ki jiƙa makubar da yawa, irin wadda kika yi wa naki."

Yanzu a tsakar gida nake suya, duk mai shigowa yana ganina. Jiya an yi ruwa, na tsaya a zaure ina kallon yadda yake bi ta lungun, ta kan baƙin wurin da murhuna yake a da. Malam Abdulmumin ya wuce da lema ya gaishe ni kamar kullum. Na amsa, amma har yau ban iya ce masa ya yafe mini ba.