Makanike da Busasshen Yumɓu

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da Makanike, gidan ya yi masa kaɗan. Mutumin da ya saba wuni a ƙarƙashin mota, yanzu daga kujera sai bakin taga, daga taga sai ƙofar kicin, yana jan ƙafar dama. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya buga waya gareji ya yi faɗa a kan motar da ko ganinta bai yi ba.

"Malam, don Allah ka zauna wuri ɗaya," in ji matarsa. "Jiri kake sa ni."

A asibiti sun ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa da hannun da ya shanye. Bai daɗe ba ya cilla ta ƙarƙashin gado, wai shi ba yaro ba ne.

Wata safiya yana binciken kabad, neman abin gyarawa, ya ci karo da gwangwanin biskit cike da wasu dunƙule-dunƙule masu launi, ja da kore da shuɗi, tauri kamar tsohon sabulu. Ya ƙwala wa 'yarsa Auta kira.

"Yumɓun roba ne, Baba. Da shi nake yin 'yan kunne kafin in samu aiki. A mulmula, a gasa. Ya bushe, zubarwa zan yi."

Kalmar zubarwa ta tsaya masa a rai.

"Injin nawa aka ce ya mutu na tayar? Bar min shi."

Tana fita ya ɗora jan a kan murfin tukunya mai tafasa, don a saninsa zafi ke sassauta roba. Da ya huce sai ya koma dutse sosai. Auta ta dawo ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ai ka gasa shi ke nan! Wannan kam ya tafi. Marmasa shi ake yi, a ɗiga man jarirai kaɗan, a ƙulle a leda. Ɗumin jiki ya ishe shi."

"Baƙin mai fa?"

"Baba!"

Washegari ya daddaka koren da guduma, da hannun hagu, ya ɗiga mai, ya ƙulle, ya zauna a kai. Matarsa ta leƙo ta ce, "Kaza, Allah ya sa a ƙyanƙyashe lafiya." Amma zaman ya gagara. Ya tashi ya duba, ya koma, ya sake tashi. Da ya kwance ledar, garin ya watse a tafinsa, yatsun dama suka ƙi rufuwa. Ya zuba wa hannun ido kamar na wani ne aka ara masa. Haushi ya sa ya tuttula mai, abin ya caɓe, ya manne masa har a gemu.

Ya rantse ya bari. Kafin a sauke abincin rana ya dawo, ya ƙara busasshen garin yumɓu a kan caɓin, ya ɗauko kwalba yana murzawa. Ya ninke, ya murza, ya ninke. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki, teburin cin abinci ya zama gareji. Sannu a hankali tsagewar ta ragu. Ran nan ya ja shi ya miƙe bai tsinke ba, kuma a jikinsa ga shaidar babban yatsan dama, ta lotsa sosai. Ya daɗe yana kallonta, bai gaya wa kowa ba.

Cokali ya ɗauko, wanda ke zame masa kullum saboda siririn mariƙi. Ya naɗe mariƙin da yumɓun, ya damƙa iya ƙarfinsa har yatsunsa suka fito a jiki. Auta ta gasa masa. Ya fito kore, karkatacce, mummuna.

Da aka kawo abinci matarsa ta miƙo hannu za ta taimaka.

"Bar ni," ya ce.

Rabi a baki, rabi a riga, amma shi ya kai da kansa. Bai ma gama ba idonsa ya sauka kan makullin ƙofa, daga nan kan reza.

"Auta, ina shuɗin nan?"

Matarsa ta miƙe a hankali ta shiga kicin, ta ɓoye ludayinta a bayan buhu.